Margaret Ta Ce Na Samu Sauƙi

Litinin, 10 ga Oktoba 2016, da hantsi

Na sha ƙwayar farko. Margaret, nas ɗin da aka haɗa ni da ita a asibitin manya masu ADHD, ciwon kasa tattara hankali wuri ɗaya, ta ce in sha bayan na karya, in kuma riƙa rubuta abin da nake ji. To ga shi ina rubutawa. Bakina ya bushe.

Ranar da na fara zuwa wurinta, ta buɗe fayil ta karanto min ni kaina: Rakiya, shekara talatin da huɗu, ɗalibar PhD, tana zaune a Selly Oak, miji yana aiki a Manchester, 'ya ɗaya mai shekara shida. Da ta zo kan 'yar sai ta rage murya. Na ce mata, "Ba mutuwa ta yi ba, karanta kawai."

Kusan shekara biyu ke nan da GP, likitanmu na unguwa, ya tura sunana. Takardar kira ta iso mako guda bayan Talatar nan ta gobara. Na tsince ta a bakin ƙofa, a kan kafet ɗin da ruwan 'yan kwana-kwana ya ɓata. Na yi ta dariya ni kaɗai har maƙwabciyata Asmawu ta buga bango.

Ban shiga kicin ba.

Laraba, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Ashe ba ƙwaya kaɗai ba ce, har da awo. Ya kamata a yi na farkon kafin in fara shan magani, amma Margaret ta ce an rage musu ma'aikata, yau ne ta samu sarari.

Duk mako biyu za ta zaunar da ni ta yi min tambayoyi kashi-kashi: aiki, gida, kula da kai, mu'amala da mutane, iyali. Amsa huɗu ce: ba ya faruwa, jefi-jefi, sau da yawa, kullum. Kowace da makinta. In maki ya yi yawa, rayuwa ta lalace. In ya sauka, magani yana ci. A ƙarshen kowane layi akwai ɗan akwati na wanda tambayar ba ta shafa ba.

"A watan da ya wuce, kin makara?" Kullum. "Kin ɓatar da abu mai muhimmanci?" Kullum. "Kin fara aiki kin bar shi a tsakiya?" Kullum. "Kin kasa kula da wani na gidanki?"

Na ce ta cike wannan da kanta, ai rahoton yana gabanta.

Na kwashe kusan duka makin. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, wannan ma ban faɗi ba.

Alhamis, 13 ga Oktoba, da safe

Biredi da ruwan famfon banɗaki. Ban shiga kicin ba.

Asabar, 15 ga Oktoba, da hantsi

Ƙwayar tana aiki. Wallahi tana aiki.

Tun ina ƙarama kaina kasuwa ne, kowa yana kirana, kowa yana jan zanena, in nufi mai tumatir in tsinci kaina a 'yan atamfa. Yau kasuwar ta tashi. Na zauna na karanta takarda daga farko har ƙarshe. Na ninke wanki, duka, har safa. Na yi sallah na san raka'ar da nake ciki. Ashe haka mutane suke rayuwa? Haka da sauƙi? Kuma suka bar ni shekara talatin suna ce min shashasha?

Abin da Margaret ba ta gaya min ba shi ne, in kasuwa ta tashi, abin da ya rage a fili babu mai kare shi. Ina ganinsa tar. Mai a kasko. Jakar makaranta a ƙasa. 'Yata Hajo a gaban talabijin da rigar makaranta, don wurin da suke zama bayan an tashi an rufe shi tun bazara, wai babu kuɗi. Ni kuma ina ce mata, "Ina zuwa, zan karɓo saƙo a ƙasa."

Ya isa.

Talata, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Asmawu ta kawo min shinkafa da wake irin nasu na Ghana, da yaji baƙi a ɗan kwano. Ta dawo daga aikin kula da tsofaffi ke nan, ko rigar aikin ba ta cire ba. Har yanzu muryarta a shaƙe take tun hayaƙin ranar.

Ta ce, "Ƙanwata, ka ci abinci. Yarinya ya na lafiya, ka gode Allah."

Hausar Kumasi ke nan, mace ma "ka" ce. Da can abin yana ba ni dariya. Yau na ce mata, "Ki fara koyon bambanta mace da namiji kafin ki zo yi min wa'azi."

Ta dube ni, ta ajiye kwanon a ƙasa, ta koma flat ɗinta. Ina jin tarinta ta bango. Duk tarin da ta yi sai ya tuna min wace ce ta karya ƙofata, wace ce kuma take lab a lokacin. Na tsani matar nan. Na cinye abincin tas.

Juma'a, 21 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Umma ta kira daga Zariya. Na yi mata bayani a hankali: ciwo ne, yana da suna, likitoci sun ce da shi aka haife ni.

Ta ce, "Raki, ni na haife ki, babu ciwon da kika fito da shi. Rashin natsuwa ne. Tun kina 'yar mitsitsiya in na aike ki niƙa sai an je an nemo ki." Sannan ta ce, "Laifina ne. Da na dake ki yadda ya kamata da ba a zo nan ba."

Ta dake ni kuwa. Ban tuna mata ba.

Lahadi, 23 ga Oktoba, da safe

Jiya na je Manchester. Matar council, ma'aikaciyar kula da yara ta hukuma da ke riƙe da maganarmu, ta ce zan iya ganin Hajo, amma da wani babba a ɗakin. Ni ba babba ba ce ke nan.

Abban Hajo yana zaune a gidan yayarsa Ramatu a Longsight tun da ya samu aikin sito a can. Da, duk Juma'a yake zuwa mana. Mutumin da ya bar kujerar banki a Kaduna ya biyo ni, yanzu kwali yake ɗauka. Bai taɓa faɗa min wannan da baki ba. Yaya Ramatu ce take faɗa masa a gabana.

Hajo ta yi ƙiba. An yi mata kitso mai kyau, ya fi nawa. An cire babban bandejin, saura ƙarami a hannun dama, daga wuyan hannu zuwa tsakiyar tafi. Ta ce, "Hiya, Mum," ta bar ni na rungume ta, jikinta a sandare kamar wadda ake gwada wa riga.

Margaret ta ba ni irin takardar tambayoyin nan, ta mutumin da ya san ni, don a haɗa da tawa. Na miƙa wa Abban Hajo a gefe. Yaya Ramatu ta fizge, ta sa tabarau, ta zauna a tsakiyar falo.

"Bari mu taya ku aikin asibiti. Halliru, saurara. 'Tana manta abin da aka gaya mata?'"

Ya ce, "Yaya, bar shi."

"Kullum. 'Tana barin aiki a tsakiya?' Kullum. 'Tana sa kanta ko wasu cikin haɗari?'" Ta cire tabarau ta dube ni. "Babu akwatin da ya fi kullum ne? Mace ta sauka karɓo saƙo, ta ga waya, ta tuna wata kwalba a makaranta, ta kama hanya da silifas? Wane akwati ne wannan, Dakta?"

Ban zama dakta ba tukuna. Ta sani.

Hajo tana ƙasa tana canza launi da hannun hagu. Ba ta ɗago ba. Tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ba ta yi.

Abban Hajo ya sa hannu a takardar bai karanta ba. Ya raka ni tashar bas. Na ce, "Ka yarda da abin da ta cike?" Ya ce, "Akwai wanda ta yi ƙarya?"

Litinin, 24 ga Oktoba, da safe

Na sha ƙwayar. Babu wanda ta yi ƙarya.

Laraba, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Awo na biyu. Margaret tana da mura, ga kwalaye a jere a bayan kujerarta.

Aiki: jefi-jefi. Makara: sau ɗaya. Da muka zo kan gida ta ce, "Kin ƙona abinci ko kin manta shi a wuta?" Na ce ba ya faruwa. Gaskiya ce. Ta yi murmushi ta rubuta sifili.

Sai iyali. "Saɓani da maigida a harkar yau da kullum?" Na ce ba ma gida ɗaya. "Wahalar shirya yara zuwa makaranta?" Na dube ta. Ta ce, "Sorry, love," ta sa alama a ɗan akwatin ƙarshe. Bai shafe ni ba. Ta bi layi-layi har ƙasan shafin, alƙalaminta yana sauka kamar mai tsinke zogale. Ta ce irin waɗannan ba sa shiga lissafi.

Makina ya faɗo sosai. Ta juyo da kwamfutar ta nuna min layi yana gangarowa. Ta ce da wuya take ganin wanda magani ya karɓa haka.

Talata, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na gama babi na uku na kundin PhD ɗina. Wata tara yana wuyana, na gama shi a mako ɗaya. Supervisor ɗina ya karanta a tsaye, ya ce, "Ina kika ɓoye wannan matar?"

Na dawo gida ina jin daɗi. Ina jin daɗi, in rubuta shi a fili. Flat shiru, babu mai cewa Mum, babu takalmi a hanya, babu mai neman ruwa a daidai lokacin da jimla ta zo min. Na zauna na yi aiki har magariba.

Da na idar da sallah na yi amai.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, da yamma

Na kira. Wai Hajo tana wanka.

Asabar, 5 ga Nuwamba, da yamma

Na kira. Wai sun fita da 'ya'yan Yaya Ramatu. Ina jin muryarta a bayan wayar.

Yau ne daren da Turawa suke wasan wuta. Tun la'asar unguwa take warin hayaƙi. Na rufe tagogi, na toshe ƙasan ƙofa da tawul.

Laraba, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Awo na uku. Ya ƙara sauka. Margaret ta ƙara min ƙarfin ƙwayar kaɗan, ta auna ni ta ce na rame, in riƙa cin abinci mai zafi. Na ce to.

Mai gidan haya ya turo mai fenti. Wani ɗan Poland ne, ba ya magana. Ya shiga da bokitinsa, ya yini, ya fito ya ce in zo in duba. Na ce na yarda da shi. Ya ce sai na duba zai tafi. Na tsaya a bakin ƙofa. Fari fat. Sabon murhu, sabon labule. Kujerar roba da Hajo take takawa ta kai famfo tana nan a lungu, gefe ɗaya ya narke ya lanƙwashe. Ya tambaye ni ko ya jefar. Na tsaya ina kallon kujerar. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi ya bar ta.

Ruwa ta ɗebo. Abin da aka koya mata ke nan, in ka ga wuta ka zuba ruwa. Babu wanda ya gaya mata ban da ta mai.

Asabar, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Na dafa shayi. Na tsaya a kansa har ya tafasa, ban ɗauke ido ba. Na kashe, na duba, na fita, na dawo na duba.

Na zuba kofi biyu na kai wa Asmawu ɗaya. Ɗanta ya buɗe, ya ce mamansa tana barci. Amma ina jin tarinta a ciki. Na ba shi kofin. Da yamma na tarar da shi a bakin ƙofata, a wanke, a kife.

Laraba, 23 ga Nuwamba, bayan azahar

Kwalayen bayan Margaret sun cika, an ɗaure su. Babu komai a bango.

Mun yi awo na huɗu da sauri. Ta ce makina ya koma ƙasa da rabin na farko, kuma wannan shi ake kira samun sauƙi. Sannan ta haɗe hannuwa ta ce za a haɗe asibitin da wani, ita ma ƙarshen wata za ta tafi. An ce su sallami duk wanda makinsa ya sauka haka, GP ya ci gaba da rubuta masa magani. Akwai ɗaruruwa a layi.

Na ce to, madalla, ta rubuta min takarda zuwa ga matar council cewa na warke, zan iya riƙe 'yata.

Ta ce, "Zan rubuta cewa kin samu sauƙi a aiki, da gida, da kula da kai."

"Iyali fa?"

"Ba mu auna wannan ba, Rakiya. Babu komai a wannan shafin."

"Babu komai don kun ɗauke ta."

"Ba ni na ɗauke ta ba."

"To a dawo min da ita ki auna."

"Ba ni da wannan ikon. Kuma ba zan sa hannu a abin da ban gani ba."

Na ce mata Allah ya sa inda za ta su auna ta kamar yadda ta auna ni. Da Hausa na faɗa. Ta ce, "Thank you, love," idonta ya yi ja. Ta ɗauka addu'a ce.

Alhamis, 24 ga Nuwamba, da safe

Na samu sauƙi. Na sha ƙwayar.

Talata, 29 ga Nuwamba, bayan la'asar

Zaman council bai kai tsawon shan shayi ba. Sabuwar mace ce, ta farkon ta bar aiki. Tana ta kiran Hajo "Hadjo". Ta ce yarinya tana hannun mahaifinta, tana cikin aminci, uwa tana shan magani, don haka za su rufe fayil. Inda yarinya za ta zauna, wannan maganar iyali ce.

Na fito da murna, Allah ya sani. Na ce wa Abban Hajo ranar Asabar zan zo in ɗauke ta, na riga na gaya wa makarantarta.

Muna tsaye a bakin titi, ana yayyafi. Ya ce in ba shi takardar Margaret. Ya buɗe, ya sa yatsa a kan layin nan mai gangarowa.

"Nan ina ne?"

"Farkon Oktoba."

"Nan fa?"

"Makon jiya."

"Raki, shekara takwas ina tare da ke, ban taɓa ganin kin gama abu ba. Yanzu kin gama babi, kin ninke wanki, kina zuwa wuri a kan lokaci. Duba da kanki. Tun da muka bar ki kike samun sauƙi."

"Maganin ne."

"Wataƙila. Wa ya sani? Ke kin sani?"

Ban sani ba. Ni da nake yini a lab, na fi kowa sanin in ka canza abu biyu a lokaci ɗaya ba za ka ce ga wanda ya yi aiki ba. Shi ma ya san na sani. Shi ya sa ya tambaya.

Ya ce akwai gurbi a makarantar da ke bayan gidan Yaya Ramatu, sai dai suna son sa hannun uwa. Ya ce ba zai tilasta min ba. Ya ce in zo Asabar, Yaya za ta je biki, in yini da Hajo ni kaɗai, shi zai zauna a sama. "In kin ga za ki iya, ki tafi da ita."

Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ma ya zage ni.

Juma'a, 2 ga Disamba, da yamma

Na wanke zanen gadonta. Na sayo madara da ayaba. Na fitar da kujerar robar.

Lahadi, 4 ga Disamba, da safe

Na isa da wuri. Yaya Ramatu ta wuce ni a ƙofa da gwaggwaronta, ta ce, "A dai bar min gidan a tsaye." Abban Hajo ya hau sama.

Mun yi wasa. Na zauna a ƙasa, na ajiye waya a jaka, na saurari duk labarin da ta ba ni har ƙarshe, na wata yarinya a unguwar mai zomo biyu. Ban taɓa jin labarinta har ƙarshe ba sai jiya. Ashe tana da ban dariya. Harshenta ya fara juyawa irin na 'yan Manchester. Ta nuna min hannun: fatar ta yi sheƙi, ta ɗan tattare, ƙaramin yatsan ba ya miƙewa duka. Ta ce ba ya zafi sai in ana sanyi. Ta bar ni na taɓa. Ta hau cinyata da kanta.

Da azahar ta ce tana jin yunwa. Na ce me take so, ta ce wainar ƙwai irin tawa, ta Anti ba ta da albasa. 

Na shiga kicin ɗin Yaya Ramatu. Na yanka albasa, na fasa ƙwai, na ɗora kasko, na zuba mai kaɗan.  Na kunna wuta.

Na ce, "Hajo, biyu ko uku?"



Ban bar kaskon ba. Na leƙa daga inda nake tsaye.

Tana bakin ƙofar fita. Ta sa takalminta, ta sa rigar sanyi, ta zuge zif har wuya. Hannunta na hagu yana kan mariƙin ƙofa. Ba kuka take ba, ba ta ma ɓata fuska ba. Jira kawai take.

Na ce, "Ina za ki?"

Ta ce, "Nowhere, Mum. Just in case." Wai ba ko'ina, shirin ko-ta-kwana ne kawai.

Na kashe wutar. Na fito na zauna a kan matakala inda za ta gan ni, na ɗora hannuwa a gwiwa. Mun daɗe a haka. Sannan ta saki ƙofar, ta zo ta zauna kusa da ni, ta jingina kanta a kafaɗata. Ta ce kada in ji haushi. Na ce ban ji ba. Na ce ta cire rigar, gidan da zafi. Ta ce sai an jima.

Biredi da madara muka ci, a kan matakalar.

Da Abban Hajo ya sauko, ya dubi kaskon, ya dubi takalmin a ƙafarta. Na tambaye shi ko haka take yi in Yaya tana girki. Ya ce a'a.

Na ce ya kawo takardar makarantar in sa hannu.